Girman Kifi da Ingancinsa: Yadda Ake Yanke Farashi Daga Bakin Ruwa Zuwa Kasuwar Tarauni

Jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, Kano



 An umarce ni da in yi magana a kan sana'ar da na shafe shekaru ina cikinta, wato kiwon kifi da cinikinsa. Dalilin zaɓen wannan batu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Da yawa daga cikinmu sun ajiye aiki, wasu kuma saura ƙiris, kuma kusan duk wanda ya karɓi kuɗin sallamarsa sai ka ji yana shawarar haƙa tafkin kifi a bayan gida ko a gona. Kuɗin sallama sau ɗaya ake ba mutum. In ya nutse a ruwa, babu na biyu. Saboda haka na zaɓi in tsaya a kan abu guda wanda sabon shiga ba ya lura da shi sai ranar sayarwa: kifi ba farashi ɗaya gare shi ba. Girmansa da ingancinsa su ke yanke masa kuɗi, kuma ana yanke wannan hukunci tun kafin ya iso kasuwa.

Inda kifinmu yake fitowa

Kifin da ake ci a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hausawa da Unguwa Uku ta hanya huɗu yake zuwa mana. Na farko shi ne kifin madatsun ruwanmu, kamar Tiga wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da Bagauda, da Challawa ta wajen Ƙaraye wadda aka kammala a 1992. Daga nan muke samun ɗanyen karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da kurungu da kawara. Na biyu shi ne banda, wato ƙyafaffen kifi, wanda ya saba zuwa daga Tafkin Chadi ta Baga, da fadamun Haɗejiya da Nguru, da kuma Yawuri a bakin Tafkin Kainji. Na uku shi ne kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje ta Legas, irin su taitus da shawa da kote. Na huɗu shi ne kifin kiwo, wanda galibinsa tarwaɗa ce, kuma Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka.

Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha bayarwa sun nuna ƙasar nan tana buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da muke samarwa a gida kuwa bai kai rabin wannan ba. Wannan giɓi shi ke ruɗin jama'a. Mutum ya ji kifi bai isa ba, sai ya ɗauka duk abin da ya kai kasuwa za a yi wawarsa. To, ba haka ba ne. Kasuwa tana jin yunwar kifi, amma duk da haka tana da zaɓe.

Abin da ya sa babba ya fi tsada

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar kifi ta Galadima a Sabon Gari ya ga abin da 'yan sari suke fara yi kafin a ambaci kuɗi: ware kifi. Manya gefe ɗaya, matsakaita gefe ɗaya, ƙanana gefe ɗaya. Haka kuma in sun zo bakin tafkinka da sikelinsu da robobinsu. Kowane kashi da farashin kilonsa, kuma kilon manya ya fi kilon ƙanana tsada, alhali kuwa nauyi ɗaya ne, ruwa ɗaya suka sha.

Dalili na farko shi ne tsoka. Ƙaramin kifi rabinsa kai ne da ƙaya da kayan ciki. Gwargwadon girmansa, gwargwadon yawan abin da zai shiga baki. Dalili na biyu shi ne aiki: gyara karfasa ɗaya mai kilo guda ya fi sauƙi a kan gyara guda goma masu gram ɗari-ɗari. Na uku shi ne mai saye. Masu gasa kifi da daddare a Titin Gidan Zu da masu otal-otal da gidajen abinci babban kifi suke nema, wanda zai cika faranti, kuma su ne masu iya biya. Na huɗu shi ne ƙaranci. A cikin ruwa ƙananan kifaye ba su ƙidayuwa, amma wanda ya tsallake koma da ƙugiya har ya girma kaɗan ne.

Mu Hausawa mun daɗe da sanin darajar babban kifi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙidaya farkonsa daga 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada, amma kifi ɗaya ake nema, wanda ya fi kowane nauyi. Wanda ya zo na ɗaya a 2020 kilo 78 ne. A Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka kuwa, giwan ruwa har jakar iskar da ke cikinsa ake cirewa a busar a kai ƙasar Sin, kuma kilon jakar babban kifi ya ninka na ƙarami a kuɗi. A Japan, a kasuwar Toyosu ta birnin Tokyo, an yi gwanjon kifin tuna guda ɗaya mai kilo 278 a watan Janairun 2019 a kan yen miliyan 333.6. Wannan kam har da neman suna a ciki, domin gwanjon sabuwar shekara ne, amma ko a ranakun da ba na biki ba, sai mai saye ya haska tocila a yankan wutsiyar kifin ya duba kitsensa da launin tsokarsa kafin ya taya.

Amma ba kullum babba ke cin kasuwa ba

A nan ne nake so 'yan uwa su ba ni hankalinsu, domin wanda ya tsaya a kan cewa babba ya fi tsada, rabin karatu ya ɗauka. Akwai mai sayen nauyi, akwai kuma mai sayen ƙidaya.

Ku dubi matar da ke suyar kifi da yamma a bakin layi a Tarauni. Kwalin kifin ƙanƙara yawanci kilo 20 ne. Wani kwalin kifi 40 ne a ciki, wani 60. Ita kowane kifi gida uku take yanka shi: kai, tsakiya, da wutsiya. Kwalin farko zai ba ta yanka 120, na biyu 180. Yaron da aka aiko da kuɗin cefane ba sikeli ya zo da shi ba, yanka zai saya. In ta ɗauki kwalin manya, dole ta tsadar da yanka ɗaya har ya fi ƙarfin masu sayenta. Saboda haka ita kwalin matsakaita ya fi mata albarka. Haka uwargida mai 'ya'ya takwas: abin da ke gabanta shi ne kowane yaro ya ga nasa a kwano, kada a yi rigima.

Masu banda su ma ba manyan tarwaɗa suke so ba. Sun fi son mai gram 300 zuwa 500, wadda za ta lanƙwasu a soke wutsiyarta a baki, wuta ta ratsa ta ciki da waje. Babbar tarwaɗa in ba a yayyanka ta ba, bayanta zai bushe cikinta yana ɗanye, bayan kwana kaɗan ta ruɓe daga ciki.

Ga mai kiwo kuma akwai wani ma'auni. Abincin kifi shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa. Tarwaɗa tana saurin girma a watannin farko, in an kula da ita takan kai kilo guda cikin wata biyar zuwa shida. Daga nan sai ta riƙa cin abinci da yawa tana ƙara nauyi kaɗan. Wanda ya riƙe kifinsa wata tara yana jiran ya zama dodo, ƙarin kuɗin da zai samu a kilo ba lalle ya biya buhunan da ya ƙara zubawa ba.

Lissafi kaɗan, da izinin malamanmu na lissafi

Bari in kawo misali da ƙananan lambobi don sauƙin fahimta. Mu ƙaddara mutum biyu, kowanne yana da tafki iri ɗaya da abinci kilo 1,200. Na farko ya zuba 'ya'yan kifi 1,000. Na biyu ya ce shi da yawa yake so, ya zuba 3,000. Bayan wata shida, na farko ya kwashe kifi 900, kowanne kimanin kilo 1.1, jimla kusan kilo 1,000. Na biyu ya kwashe kifi 2,700, kowanne kimanin gram 370, jimla shi ma kusan kilo 1,000. Nauyi ɗaya ke nan, domin abinci ɗaya suka ba da, kuma abinci ke zama tsoka.

To, mu ce ana sayen kilon manya naira 100, kilon ƙanana naira 75. Na farko ya tashi da 100,000, na biyu da 75,000. Bugu da ƙari, na biyu ya sayi 'ya'yan kifi ninki uku, ya kuma sha wahalar canjin ruwa fiye da ɗan uwansa saboda cunkoso. Idan abin da kowannensu ya kashe ya kai 75,000, kun ga na farko ya ci riba, na biyu kuwa ya yi wa kifi bauta wata shida a banza.

Sai dai da na biyu tun farko masu banda ya nufa, ya tanadi abincin da zai kai kifinsa gram 400 cikin wata uku, ya kwashe, ya sake zubawa, to da lissafinsa ya canza, domin kuɗinsa zai juya sau biyu kafin na farko ya juya sau ɗaya. Ashe ke nan laifin ba na ƙaramin kifi ba ne. Laifin shi ne mutum ya zuba kifi bai san wa zai sayar wa ba. Tun ran gini, tun ran zane.

Wani abin kuma shi ne warewa tun suna tafki. Tarwaɗa tana cin 'yar uwarta. A cikin kowane zubi akwai 'yan kaɗan da ke tsere wa saura a girma, in ba a tsame su ba, su za su kwace abinci su kuma haɗiye ƙananan. Ranar sayarwa sai ka ga manya ashirin da tarin ƙanana, ɗan sari kuma ya yi maka kuɗin ƙanana. Kifin da ya zo kai ɗaya ya fi wanda ya zo gauraye daraja, ko da nauyinsu ɗaya.

Inganci: abin da ido da hanci ke gani

Girma sikeli ke auna shi, inganci kuwa ido da hanci da yatsa. Tarwaɗa Allah ya yi mata wata gaɓa a kanta da take shaƙar iska da ita, shi ya sa takan daɗe a daro da ɗan ruwa kaɗan ba ta mutu ba. Muddin tana motsi, mai ita ke da baki a ciniki. Da zarar ta mutu, mai saye ke da baki. Karfasa ba ta da wannan juriya. A zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, karfasar da aka kamo da asuba a Tiga in ba ƙanƙara, kafin la'asar ta fara sauka daga darajarta. Shi ya sa farashin safe daban, na yamma daban, kifi ɗaya kuwa.

Alamomin ɗanyen kifi mai kyau sanannu ne. Idonsa garau, bai faɗa ciki ba. In ka ɗaga murfin kumatunsa, abin numfashinsa ja ne wur, ba toka-toka ba. In ka danna tsokarsa da yatsa sai ta dawo, ba ta bar rami ba. Ƙarninsa na ruwa ne, ba ɗoyi ba. A kifin ƙanƙara kuma, babbar matsalarmu ita ce ɗaukewar wuta. Kifin da ya narke aka sake daskarar da shi za ka ga jini ya daskare a gindin kwali, cikinsa ya yi laushi, in an sa a mai sai ya wargaje. Irin su taitus in sun jima cikin zafi suna tara wani sinadari mai sa ƙaiƙayi da ciwon kai, wanda suya ba ta kashe shi.

Banda kuma hukuncinta uku: bushewa, cika, da tsabta. Kilo uku zuwa huɗu na ɗanyen kifi ke ba da kilo ɗaya na busasshe, shi ya sa wasu ke sauke shi daga wuta da sauran ruwa don ya yi nauyi, bayan mako guda ya yi fumfuna. Wanda aka yi wa gaggawa da wuta mai ƙarfi yakan ƙone ya yi ɗaci. Wanda ya iso a cike, da kansa da wutsiyarsa, kuɗinsa daban da wanda ya karairaye a mota, wanda ya zama gari kuwa sai dai a auna a mudu. Sannan ga ƙwaro da ke shiga ya cinye tsoka ya bar fata.

Wannan ƙwaro shi ya jawo wata mummunar ɗabi'a, wato fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. In kun ga tarin banda a kasuwa ko ƙuda ɗaya ba ya sauka a kai, to ruwa ba ya tsami banza. Mai yin haka yana tsare kuɗinsa ne da lafiyar 'ya'yan mutane, kuma yana ɓata sunan sana'ar baki ɗaya.

Ƙasashen da suka ci gaba a wannan harka rubuta darajojin suka yi. A Norway, busasshen kifin da 'yan uwanmu na kudu ke sa wa a miya, akwai ƙwararrun da aikinsu kawai su duba shi ɗaya bayan ɗaya, su sunsuna, su raba shi aji-aji. Ajin farko yawanci Italiya ake kai shi, kawuna da ajin ƙasa kuwa Nijeriya ce babbar kasuwarsu. Mu kuma a 2018 Amurka ta rufe ƙofarta ga tarwaɗarmu, har da ƙyafaffiya, ba don an ɗanɗana an ji ba daɗi ba, sai don ba mu gabatar da shaidar tsarin duba lafiyar kifi irin wanda suke buƙata ba. Inganci ke nan har a takarda.

Lokaci ma yana da nasa hannu. In ruwa ya janye daga fadamu bayan damina, kifin kogi yakan cika kasuwa, farashi ya sauka. Da azumi buƙata takan tashi. Makon Babbar Salla kuwa kowane gida da nama, wanda ya kwashe tafkinsa a lokacin ya zaɓi ranar da ba mai nemansa.

Gobe fa?

Akwai wani ɓangare da ya wuce aljihun mutum ɗaya. Dattawan masunta a madatsunmu suna faɗa cewa kifin da ake kamawa yanzu bai kai na da girma ba. Dalilin a fili yake. In masunta suka yi yawa, manya suka ƙare, sai a koma raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, a kwashe kifin da bai taɓa yin ƙwai ba. Babbar macen kifi kuwa ƙwan da take zubawa ya ninka na ƙarama nesa ba kusa ba. Wanda ya kama ƙarami ya yi asara biyu: ya sayar da arha yau, ya kuma cinye irin gobe.

Doka ta san da wannan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato kimanin inci uku, in ban da wadda aka keɓe don 'yan ƙananan kifayen da ba sa girma. A Tafkin Kainji an yi fama a shekarun 1990 kafin a shawo kan masu jan babbar ragar nan da ake kira dala. Kafin zuwan dokar gwamnati ma, Sarkin Ruwa yana da ikon rufe ruwa har kifi ya girma, kuma ana jin maganarsa.

Ruwa yana iya ƙarewa, kifi ma haka. Malaminmu na labarin ƙasa ya zana mana Tafkin Chadi a allo a matsayin tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960. Farin shekarun 1970 da 1980 ya tsuke shi ƙwarai, sannan rikicin Boko Haram, musamman harin Baga na Janairun 2015, ya tsayar da cinikin banda na tsawon lokaci, har mu a Kano muka ji a tukunyarmu. A Kanada kuma, a 1992 gwamnati ta rufe kamun wani farin kifin teku a gaɓar Newfoundland bayan an kame shi ƙarƙaf, dubun-dubatar mutane suka rasa sana'ar da suka gada kaka da kakanni. Kafin rufewar, ɗaya daga cikin alamomin da aka gani ita ce kifin da ake kamowa yana ta ƙanƙancewa.

Shawarwarina ga 'yan uwa

Na ɗaya, kafin ka haƙa rami, ka yi sammako zuwa Galadima da kasuwar Tarauni sau da yawa, ka zauna da 'yan sari da masu suya da masu banda, ka san girman da kowannensu ke nema. Na biyu, ka fara da kaɗan, da kuɗin da in ya salwanta ba zai taɓa cefanen gida da kuɗin makarantar yara ba. Na uku, ka ƙidaya buhunan abincin da za ka iya saye har ƙarshe, sannan ka yanke yawan 'ya'yan kifin da za ka zuba, ba akasin haka ba. Na huɗu, ka mallaki sikelinka, ka kuma yi ciniki a kan kowane kashi kafin a zuƙe ruwan tafki, domin da zarar kifi ya fito fili, ba ka da sauran ja-in-ja. Na biyar, ka koyi banda mai tsabta, ita ce mafitarka ranar da ɗan sari ya taya maka abin da ba za ka iya sallamawa ba.

Ga ƙungiyarmu kuma, ina ba da shawarar masu sha'awar wannan sana'a su haɗa kai su kafa ƙungiyar gama-kai. Mutum goma in suka sayi abinci tare za su samu rangwame, in suka tsara lokacin kwashewa ba za su yi wa juna karo a kasuwa ba, kuma za su iya mallakar murhun banda da injin sanyi guda, abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. A cikinmu akwai likitocin dabbobi, da akantoci, da tsofaffin ma'aikatan gona. Ilmin yana cikin ɗakin nan, haɗa shi ya rage.

 Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu da rahama. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ɗaukaka makarantarmu, ya maimaita mana na baɗi da rai da lafiya.